Mutanen da Ba Su da Sifiri

Ni dai darasin mako guda aka ba ni. Manhaja ta ce a koya wa 'yan aji huɗu yadda ake rubuta lambobin Romawa, a yi musu ɗan gwaji, a wuce zuwa awon tsawo. Shi ke nan. Ban roƙi kowa ya zo ya tsaya mini a taga ba.

Da tsinken ashana nake koyarwa, don yara sun fi riƙe abin da hannunsu ya taɓa. Tsinke ɗaya a tsaye, ɗaya ke nan. Biyar tsinke biyu ne da suka haɗa ƙafa suka raba kai, goma kuma su gitta juna. Da muka zo kan huɗu da shida, inda yara kan rikice, sai na ce su ɗauka babba da yaro ne ke tafiya a hanya. In yaro ya bi bayan babba ya ƙara masa daraja, biyar ta zama shida. In kuwa ya yi fitsara ya shige gabansa ya rage shi, biyar ta koma huɗu.

Ashe Hedimasta na tsaye a taga yana ji. Mutum ne da ya shekara yana kukan 'ya'yan yanzu ba sa gaisuwa, ba sa kaucewa a hanya. Na juya na gan shi ido ya ciko da ƙwalla. Ya ce tunda yake bai taɓa sanin akwai lissafi mai tarbiyya ba sai yau. Washegari a taron safe ya kafa doka: daga ranar, duk wata lamba da za a rubuta a cikin makarantar nan, a allo ko a bango ko a littafin yaro, ta Romawa za a rubuta. Wanda aka kama da tsohuwar lamba, malami ne ko ɗalibi, zai share ofis.

Wayyo ni. An sake fentin ƙofofin azuzuwa, an kankare lambobin rigunan ƙwallo. Kwanan wata kaɗai yana cin rabin allo. Malamin aji shida ya fara wani dogon rabawa da safe, allo ya ƙare masa ya shiga bango, bango ya ƙare ya zagaya bayan ƙofa, har aka buga ƙararrawar tashi yana can yana neman ragowa. Malamai suka daina amsa gaisuwata a ɗakin hutu, kamar ni na haifi Romawan.

A duk makarantar mutum ɗaya ce abin ya yi wa daɗi, ita ce Auta, 'yar mai askin bakin layinmu. Yarinya ce 'yar firit da ke zama a bencin gaba, mai tsabtar littafi. Ba daƙiƙiya ba ce, in ka ba ta labari sau ɗaya za ta maimaita maka har da tarin da ka yi a tsakiya. Lissafi ne kawai suka yi hannun riga. Duk gwajin da aka yi sifiri take ci, ƙwai kan ƙwai, har yara suna yi mata kukan kaza in ta shigo aji.

Ƙwan ƙarshe da ta kai gida, a shago ta tarar da babanta, injin aski a hannu, kan wani rabi a aske. Nan ya rantse gaban mai rabin kai da duk masu jiran layi cewa in idonsa ya sake ganin ƙwai a littafinta, ta gama boko, zai kai ta wurin gwaggonta tela ta riƙa ɗinka maɓalli. Baban Auta kuwa ba ya haɗiye maganarsa. Ya taɓa cewa cikin fushi ba zai ƙara sa sukari a shayi ba, ga shi shekara da shekaru yana sha yana yatsina fuska. Unguwa duka ta san rantsuwar, ita ma Auta ta san gwaji na gaba shi ne na ƙarshenta.

Lambobin Romawa sun shige ta, don sanduna ne, tana jera su tsaf kamar ta auna da rula. Ran nan ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tambaye ni yadda Romawa ke rubuta sifiri. Na duba littafin malami gaba da baya, na aika aka aro na aji shida. Babu. Na ce mata mutanen ba su da shi.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To Malama, in yaronsu bai ci komai ba, me malaminsu yake rubuta masa?"

Na ce ban sani ba, mai yiwuwa ba ya rubuta komai. Ta tambaya ko garinsu da nisa. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na juya na hau goge allon da ba rubutu a kansa.

Magana ba ta kwana ba ta kai ofis. Hedimasta ya kira taron gaggawa, hankali a tashe. Ya ce ba zai yiwu mutane masu tarbiyya irin wannan su rasa abin da za su ba malalacin yaro ba, lallai ɓacewa ya yi, kuma wajibinmu ne mu mayar musu da shi. Malamin wasanni ya goyi baya, don tun da aka kafa dokar ba a tashi wasan ƙwallo ko ɗaya ba, sai an jira kowane ɓangare ya ci, saboda ba yadda za a rubuta sakamakon. Aka shiga kawo shawara. Wani ya ce a zana da'ira, aka ce ai wannan tsohon ne ya sake riga. Wata ta ce a kwantar da sanda, aka ce ta yi kama da alamar ɗebewa. Ni na ce a bar Romawa yadda Allah ya yi su, aka ce in yi shiru, ni na jawo. Ƙarshe Hedimasta ya ce a bar masa, zai yi tunani a ƙarshen mako, ranar Litinin zai ƙaddamar da sabon sifiri.

Gwajina kuwa ranar Juma'a ne. Ban jira ba, a kan teburina na zauna na duba littattafan ina ba da maki kafin a tashi. Littafin Auta na bari ƙarshe, ina fata. Rubutu kamar na ɗab'i, kowace sanda a miƙe, kowane yaro a bayan babbansa. Amsa kuwa ko ɗaya ba ta dace ba. Na bi layi-layi ina neman inda zan rataya mata ko da rabin maki, ban samu ba. Ƙarya ba zan rubuta ba. Tsohon ƙwai doka ta hana, sabo kuma ba a haife shi ba. Na rufe alƙalami na miƙa mata littafin, wurin maki fari fat. Ta duba, ta dube ni, ta rungume shi ta fita da gudu.

Litinin da sassafe sai ga mai aski a ƙofar ajina, almakashi da mataji a aljihun gaba, Auta a bayansa. Muka gaisa. Ya buɗe littafin ya nuna farin wurin da yatsa, ya ce ya kwana biyu yana juya shafin nan, har a hasken rana ya ɗaga shi, bai ga komai ba. Nawa yarinyar ta ci?

Na soma kame-kame, ina ba shi tarihin Romawa da tsinken ashana. Gaba kura baya sayaki. Ina cikin haka Hedimasta ya ɓullo yana murmushi har kunne, ya ce ai Baban Auta ya zo a sa'a, matsalar ta ƙare, mu biyo shi ofis. Na ji kamar in shaƙe shi.

A ofis an jingina wani ɗan allo a kan kujera, an lulluɓe shi da labulen taga. Hedimasta ya yi jawabi a kan wahalar da ya sha, bai ci abincin kirki ba, matarsa ta ɗauka zazzaɓi ne. Ya ce alamar da ke ƙarƙashin labulen nan ita ce sifirin Romawa, kuma littafin Auta ne zai fara samun darajar ɗaukarta. Auta ta kama gefen zanena ta damƙe. Hedimasta ya kai hannu ga labule.

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji mai aski. Ya juya wa allon baya, ya fuskanci bango. "Wannan abin, Romawan ne suka aiko da shi?"

Hedimasta ya ce a'a, shi ya ƙirƙira, amma a kan tsarinsu.

"Sun gani sun sa hannu?"

Hedimasta ya ce ai sun daɗe da mutuwa.

Mai aski ya girgiza kai, har yanzu bango yake kallo. Ya ce shi bai yi boko mai nisa ba, amma a ganinsa wannan shiga gaban manya ne. Mutane sun yi zamaninsu, sun bar lambobinsu cif, sai bayan ransu a zo a yi musu ƙari? Shi dai bai kawo 'yarsa a koya mata jabu ba.

Hedimasta ya saki labulen kamar ya taɓa wuta. Ya zauna a hankali. Ya ce lallai maganar tana bukatar nazari, za a kafa kwamiti.

Muka fito, mai aski ya kare gefen fuskarsa da tafin hannu kada iska ta ɗaga labulen. A baranda ya tura Auta gaba kaɗan, ya rage murya.

"Malama, na san abin da ta ci. Ni na haife ta. Amma cewa na yi in idona ya gani, kuma bai gani ba." Ya waiwayi ƙofar ofis. "Bakina ne ya ja mini, ba na son ta bar karatun nan. Don Allah ki samo mata ko sanda ɗaya ce, kafin Hedimasta ya farfaɗo ya ɗaga labulen nan."

Na ce zan yi iya ƙoƙarina. Ya gyaɗa kai ya juya, hannu har yanzu a fuska, ya yi karo da ginshiƙin baranda, goshi ya ce ƙum. Auta ta rugo ta kama hannunsa, ta ja shi har bakin ƙofar makaranta. Can na hango ya sunkuya yana gyara mata wuyan riga. Sannan ta dawo, ta wuce ni ta shiga aji, ta zauna a bencinta na gaba ta zazzage tsinkayen ashana a kan tebur.