Injin Askin Baba

Baba mai aski ne. Da ya tashi kawo mana ziyara ƙasar da muke zaune, injin askinsa ya fara sakawa a jaka kafin tufafi.

Washegari da safe ya kalli kan mijina ya riƙe baki. "Wa yake maka wannan aika-aika? Zauna."

Filogin injin ya ƙi shiga soket ɗinmu. Na ɗauko adafta na haɗa, na ce, "Baba, wutar nan rabin ta gida ce. Adafta baki kawai take gyarawa, ba ta ƙara ƙarfi. A bari in aro ƙaramar taransifomar maƙwabciyata."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake aski."

Injin ya tashi da gurnani kamar tsohuwar mage. Da ƙyar ya ci gefe ɗaya yana fizgar gashi, sannan ya cije ya tsaya. Mijina, don kunyar suruki, ya daure ya zauna cak, sai hawaye.

Baba ya hura injin, ya harare ni.

"Kin tsaya kallo? Je ki aro abin nan mana, kin bar mijinki da rabin kai!"