Dogon Bakan Auta

Tun da Mai-baka ya fara sassaƙa wa ƙaninsa baka, bai taɓa jin kalmar yabo daga gare shi ba. Ƙanin nan maharbi ne, kowa Auta yake ce masa duk da furfurar da ta fara cin gemunsa, kuma Allah ya ba shi wani ƙarfin kafaɗa mai ban haushi. Mai-baka zai kwashe makonni yana kankarar itace, ya murza tsirkiya, ya shafe bakan da kitse har ya ɗauki sheƙi, sannan ya miƙa masa. Auta ya karɓa, ya ja har kunne, ya taɓe baki.

"Ya yi laushi, Yaya."

Godiyar ke nan. Mai-baka ya sha cewa daga yau ya daina, ya kuma sha komawa, don a duk maharban da ke zuwa rumfarsa babu wanda yake son ganin aikinsa a hannunsa kamar wannan marar kunyar.

Ana nan, a ƙarshen wata damina, Auta ya bi sawun barewa har bakin kwazazzabo, ƙasa ta zame da shi, ya faɗi a kan kafaɗarsa ta dama. Ƙashi ya karye. Aka ɗora, ya haɗe, amma da aka kwance ɗaurin sai hannun ya fito a rame kamar ba nasa ba. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce hannun zai dawo in ana aiki da shi kullum, kaɗan-kaɗan. In kuwa aka bar shi a rataye, kafaɗar za ta sandare, kuma in ta sandare ba ta sake saki.

Matsalar ita ce Auta bai san wani abu wai shi kaɗan-kaɗan ba. Ranar da ya dawo gida ya sauko da tsohon bakansa daga ƙusa, ya yi ta fama da gwiwa da hannun hagu har ya ɗana tsirkiyar, ya ja. Tsirkiyar ko gezau. Ya sake ja har gumi ya karyo masa, ta ɗan motsa da ƙyar. Sai ya jingine bakan, ya shiga ɗaki, ya kwanta ya juya fuskarsa bango.

Bayan 'yan kwanaki matar Auta ta yi sallama a rumfar Mai-baka, da tsohon bakan naɗe a zani.

"Yaya, ƙaninka ya ce in fitar masa da wannan daga gida. Wai in ba duk wanda na ga dama, ko in hura wuta da shi."

"Hannun fa?"

"Ko kofi ba ya ɗagawa da shi. Na yi magana har na gaji." Ta ajiye bakan a kan bencin aiki. "Na ce ko za ka kankare masa shi ya yi laushi, daidai ƙarfinsa na yanzu?"

Mai-baka ya shafa bayan bakan. Shi ya yi shi da hannunsa, ya san kowane ƙulli da ke jikinsa.

"Ƙanwata, itacen da na kankare ba ni da yadda zan mayar da shi. In na taɓa wannan da wuƙa, na gaya masa ke nan hannun ya tafi har abada. Bar shi a nan, zan san abin yi."

To a nan ne Mai-baka, da duk shekarunsa a sana'a, ya tafka wauta. Da zuciya ɗaya ya yi ta, amma wauta ce. Ya ɗauko wani siririn itace, ya sassaƙa ɗan gajeren baka mai laushi, ya yi masa tsirkiya mai kyau, har da naɗa fata a wurin riƙo. Ya ɗauka ya nufi gidan ƙanin nasa yana ta murna a hanya.

Ɗakin yana warin man zafi, labule a sake. Auta na zaune a bakin gado, hannun dama a kan cinya kamar kayan ajiya. Ya dubi abin da wansa ya kawo, ya daɗe yana dubansa.

"Yaya, ƙadangaru ne suka dame ka a gida?"

"Na motsa hannu ne. Likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Kai ma abin da ka ce na gan shi." Ya sa ƙafa ya tura bakan ƙarƙashin gado. "Ashe har na kai nan. To na gode."

Wannan ce godiyar farko da Mai-baka ya taɓa samu daga gare shi, kuma da ma bai same ta ba. Ransa ya ɓaci, kunya ta kama shi, su biyun suka haɗu suka fito a matsayin faɗa.

"To zauna nan hannun ya bushe! Wa ka yi wa?"

Ya fita fuu. Kafin ya kai ƙarshen layin ya fara cizon yatsa, amma girman kai bai bar shi ya koma ba. A gidansu ba Auta kaɗai ya gaji taurin kai ba.

Ya yi kwanaki aikin ba ya masa daɗi. Sai wata safiya wani tsohon maharbi ya kawo bakansa, ƙarshensa na sama ya ɗan tsage. Ƙaramin gyara ne da Mai-baka ya yi ba adadi. Ya yanke wurin da ya tsage, ya yanke daidai da shi a ƙasa don kada bakan ya karkace, ya fafe sabon wurin maƙala tsirkiya, ya rage tsawonta, ya ɗana.

"Sai dai ka sani, Baba," in ji shi yana miƙawa, "tunda na rage masa tsawo, zai ƙara tauri."

Tsohon ya yi godiya ya tafi. Mai-baka kuwa ya tsaya da guntun itacen a hannu, yana maimaita maganar da ya faɗa. Kankara tana rage wa baka ƙarfi, yanke tsawo yana ƙara masa. Abin da ya sani tun yana koyon sana'a, amma sai yau ya ga inda zai yi masa amfani. Ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar.

Can a saman, tsakanin itatuwan da ke shan hayaƙi da inuwa, akwai wani dogo da ya daɗe yana ajiye. A kan dutse bishiyarsa ta girma, a hankali, shi ya sa naman itacen ya yi ƙarfi. Shi da kansa ya sare ta, ya tsaga ta biyu, ya toshe bakin kowane tsagi da kakin zuma don kada su fashe wajen bushewa. Shekara da shekaru yana sauko da shi ya duba ya mayar, don tsawonsa ya wuce na bakan farauta, shi kuma yana jin tausayin yanke shi.

Ya sauko da shi ya kama aiki. Ɓawon ya ɓare da yatsu da bayan wuƙa, don bayan baka ba a sa masa kaifi. Jijiya ɗaya ta itacen in ta yanke, nan zai karye ranar da ake buƙatarsa. Ta ciki ya shiga da gizago, sara ƙanana, yana bin itacen inda ya nufa. Inda ya tarar da ƙulli bai yi gardama da shi ba, ya bar masa tudunsa ya kewaye. Da siffa ta fito ya ajiye gizago ya ɗauki wuƙar kankara. Ya kankara, ya maƙale bakan a turken rumfa, ya ja shi da igiya, ya ja da baya ya ƙura ido ya ga wane ɓangare ne ya ƙi lanƙwasa, ya dawo ya kankare nan. Haka ya yi ta yi har bayansa ya riƙe, ƙasan rumfar ta cika da ɓarɓashin itace. Kaurin kuwa bai yarda ya rage shi ya gaza na tsohon bakan Auta ba, kullum yana gwada su da yatsu.

Da ya gama murza tsirkiyar jijiya, sai ya shimfiɗa bakunan biyu a ƙasa, tsaka da tsaka. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin sabon, sama da ƙasa, daidai inda tsohon ya ƙare. Daga nan zuwa kowane ƙarshe ya jera wasu layukan, tazarar yatsu biyu-biyu. Bai shafa kitse ba, bai naɗa fata ba.

Shigarsa ɗakin Auta ba ta zo da mutunci ba, don kan bakan ya daki saman ƙofa, sai da ya karkata shi. Auta ya ɗago.

"Yau kuma sandar kaɗo mangwaro aka kawo mini?"

Mai-baka ya haɗiye amsar da ta zo masa. Ya durƙusa ya jera bakunan biyu a kan tabarma, tsoho da sabo.

"Duba nan. Daga wannan layin zuwa wancan, bakanka ne. Tsawonsu ɗaya da tsohon, kaurinsu ɗaya, taɓa ka ji. Abin da ya wuce layin, aro na ba ka, shi ya sa zai jawu yanzu. Ranar da ka ji ya yi maka sauƙi, ka kawo in yanke layi ɗaya, ya ƙara tauri. Haka za mu yi ta yi har mu iso nan." Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Ban gama shi ba, kuma ba zan iya gama shi ni kaɗai ba. Hannunka ne zai gaya mini lokacin yanka."

Auta ya sunkuyo. Idonsa dai yana kan layin gawayin.

"Wancan da na kawo maka, ban kyauta ba," in ji Mai-baka, yana kallon tabarma. Ya miƙe ya ɗauki tsohon bakan. "Wannan yana wurina. Kuma ba zan zo tambaya ba, ka san hanyar rumfa."

Faɗar haka ta fi cika ta sauƙi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, babu Auta babu labarinsa. Mai-baka ya tsiri sayen abubuwan da ba ya buƙata a kantin da ke layin ƙanin nasa. Ya sayi ashana har ta ishi unguwa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada kafaɗar ta riga ta sandare yana nan yana cika alkawarin banza.

A bakin kantin ne wata rana ya haɗu da matar Auta. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya rasa abin da zai ƙara tambaya.

"Bakan yana nan jingine, Yaya," in ji ta, tana gyara kayan da ta saya. "Sai dai jiya yana bayan ƙofa, yau na gan shi a gefen taga. Ni dai ba ni nake taɓa shi ba."

Ta wuce abinta. Mai-baka ya koma rumfa, ya manta ashanar a kan teburin mai kanti.

Sai da aka ƙara wasu makonni. Da hantsi yana sunkuye yana kankarar wani baka, ya ji ƙwas a bakin rumfa, wani abu ya daki itacen rufi. Ya ɗago. Auta ne yake karkato dogon bakan yana shigowa, yana mita a kan mutanen da ba su iya gina rumfa mai tsawo ba. Ya rame, amma ya yi aski. Bai zauna ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga bakan da hagu, ya sa yatsun dama a tsirkiya, ya ja. Jijiyar wuyansa ta tashi, amma tsirkiyar ta taho, ta wuce gwiwar hannu, ta wuce haɓa, ta tsaya a kunne. Ya mayar da ita a hankali. Ya taɓe baki.

"Ya yi laushi, Yaya."

Shekara da shekaru maganar nan tana ƙona wa Mai-baka rai, yau kuwa bai taɓa jin mai daɗinta ba. Ya juya baya yana neman zarto, ya daɗe yana nema, alhali zarton yana rataye a gabansa.

"Marar kunya," in ji shi.

Ya kwance tsirkiyar, ya kwantar da bakan a kan benci, ya ɗora haƙoran zarton a kan layin gawayi na farko.

"Danne mini nan kada ya motsa."

Auta ya matso, ya danne da hannun dama.