Mabuɗi Biyu

Littattafan rubutu biyar aka raba, kowane tebur ɗaya, masu jan bango irin na 'yan firamare. Shugabannin kamfanoni ashirin da 'yan kai, waɗanda ba sa taɓa biro sai in za su sa hannu, suka duƙufa suna kwafar abin da malamin bita ke faɗa.

"Buhu goma sun bar sito da ƙarfe tara. Kowa ya rubuta? To, Alhaji na tebur na uku, goge naka ka mai da shi buhu takwas."

Alhajin ya goge yana dariya, da alama hannunsa ya saba.

"Sauran littattafai huɗu me suka ce?"

"Goma."

"Fasahar da ake kira bulokcen ke nan. Littafi ɗaya a hannun mutane da yawa, kowane shafi ɗaure da na bayansa. Abin da ya shiga ya shiga, ba gogewa. Daga yau amana ta tashi daga wuyan mutum, ta koma wuyan na'ura."

Aka tafa. Babu abin da manya ke son ji kamar a ce an sauke musu amana.

Hajiya mai kamfanin magungunan kaji ba ta tafa ba. Ta zare tabarau, ta ɗaga biro.

"Malam, in ƙarya aka fara faɗa fa, tebur biyar duk suka kwafa?"

Malamin ya gyara wuyan riga. "To, ta zauna ke nan, Hajiya. Na'ura ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta ta sani."

"Ashe tsohon hali ne aka ɗinka wa kwat."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Autanta, wanda shi ne manajan kamfanin, ya sunkuyo. "Umma, don Allah. Mutane na kallonmu."

Ita kuwa ba don dariya ta yi tambayar ba.

A kamfaninta akwai ɗakin sanyi inda ake ajiye allurar rigakafin kaji, a jikin ƙofarsa kuma takardar awon sanyi. Doka ta ce a duba sau uku a rana, a rubuta, a sa hannu. Shekara ashirin da suka wuce ita da bakinta ta ce wa mai sito ya riƙa cike ta mako guda tun safiyar Litinin, kada mai bincike ya faɗo ya tarar da gurbi. A ranar ya karɓi biro. Ba a musu da uwar ɗaki.

Bara, wata Asabar, Auta ya fitar da kwalayen allura ya jera a baranda, ya cika ɗakin da lemon liyafar abokinsa. Awa biyar suka yi a rana kafin ya mayar. Allura ta mutu ba wanda ya sani, aka rarraba ta, gonaki goma sha ɗaya suka kwashe gawar kaji a baro. Da masu bincike suka zo, takarda ta ce ranar Asabar sanyi lafiya lau, ga sa hannun mai sito har sau uku, alhali yana asibiti wajen matarsa. Auta ya faɗa mata gaskiya a cikin mota, yana kuka kamar ɗan yaye. Ta ce ya share fuskarsa. Aka sallami mai sito bayan shekara ashirin da biyu, aka dakatar da lasisinsa. Ya ɗaukaka ƙara, kwamiti ya ce zai duba bayanan kamfani.

Yanzu kamfanonin sana'ar za su haɗu a littafi ɗaya. Aikin ƙarshe na bitar shi ne kowa ya ɗora tsofaffin bayanansa, kuma daga nan kwamitin zai karanta.

Rana ta biyu aka shiga darasin dabarun shugabanci: wa zai riƙe mabuɗin rubutu a kowane kamfani. Hajiya ta sake ɗaga biro.

"In mutum ya gano kuskure bayan an ɗora?"

"Ba ya gogewa, amma yana iya ƙara layi a ƙasa, ya ce ga yadda abin yake. Da sunansa, kowa na gani." Malamin ya miƙo mata fom. "Sai ki zaɓa. Ko mabuɗi ɗaya, ke kaɗai ki rubuta ya shiga, ko biyu, sai wani darakta ya amince."

Ta daɗe tana kallon akwatunan biyu. Ta sa alama a na biyu, ta rubuta ita da manaja. Malamin ya ɗaga fom ɗin ya nuna wa aji, ya ce ga shugaba mai tsoron son zuciyarta.

Lokacin hutun rana wayarta ta yi ƙara. Mai siton da aka sallama ne. Ta fita baranda, ta tsaya kusa da wata tukunyar fure da ba a ba ruwa ba.

"Hajiya, barka da karatu. An ce kin koma aji."

"Tsufa bai hana ba, Malam. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Jibi kwamiti zai zauna." Tana jin hayaniyar titi ta bayansa. "Ni ba aiki nake nema ba, Hajiya. Sunana nake so. Ki ce ke kika sa mu sa hannu tun Litinin, shi ke nan. Ban ce ki ambaci kowa ba."

Ashe ya sani. Wataƙila tun ranar ya sani. Shi ya riƙa kai Auta makaranta a kan babur, shi ya koya masa karanta awon sanyin.

"Zan yi abin da zan iya," ta ce.

Rana ta uku kowane kamfani ya buɗe kwamfutarsa. Bayanan shekara biyar suka hau cikin minti huɗu, har da Asabar ɗin, da sa hannu uku. Hajiya ta jawo kwamfutar gabanta. Da yatsa ɗaya take bugawa, don haka ta ɗau lokaci. Ta rubuta cewa takardar ranar tun Litinin aka cike ta bisa umarninta, mai sito ba ya wurin, kuma allura ta yi awa biyar a waje. Ba ta rubuta wanda ya fitar ba. Ta sa mabuɗinta, ta tura wa Auta.

Ya karanta sau biyu. Ya rage murya.

"Umma, za su tambayi wa ya fitar."

"Za su tambaya."

"Lasisin kamfani zai tafi. Ma'aikata sittin. Ga jikokinki." Ya matso kusa da ita. "Ni ɗaure ni za a yi, kin sani?"

"Mutumin nan ya goya ka."

"Zan nema masa wani abu. Wallahi zan nema masa."

Ya danna inda aka rubuta ƙin amincewa. Layukan suka ɓace daga allo kamar ba a taɓa bugawa ba.

Sai ta ji wani sanyi ya sauko mata daga wuya har ƙirji, irin na wanda mota ta wuce ta gabansa da ƙyar. Ta san sunan sanyin. Ba baƙin ciki ba ne, sanyin kuɓuta ne. Shekara talatin da huɗu tana kiwon yaron nan, ta san abin da zai danna tun jiya, lokacin da biro ke yawo tsakanin akwatuna biyu.

Aka raba takardun shaida, aka yi hoto. Malamin ya ce tambayoyinta sun fi na kowa, ya roƙi ta zo ta yi wa aji na gaba jawabi a kan amana. Ta ce za ta duba.

A wajen ajiye motoci ta ce wa Auta ya jira ta a ciki. Ta kira lambar mai sito.

"Malam, na rubuta. Wallahi na rubuta, da hannuna. Tsarin ne sai mutum biyu sun yarda."

Ta duba wayar ko layin ya yanke.

"Na gode, Hajiya," ya ce. "A gaishe min da Auta."