Takwarar Hajiya Maimuna

A duk unguwar Hindawiyya da ke Makka da wuya ka sami jaririn Bahaushe da ba Hajiya Maimuna ce ta yi masa wankan farko ba. Ita ce mai gasa cibiya, ita ce mai dama kunun kanwa, ita ce mai guɗa ran suna. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta taɓa kai kukan hakan wurin kowa ba. Abu ɗaya take so a duniya: a yi mata takwara. Amma 'ya'yan ƙannenta, haihuwar Makka, waɗanda ta goya a bayanta, sai su haifi mace su sa mata Rimas ko Lujain, sunayen da Hajiya ke cewa sun fi dacewa da kwalbar turare. Takan rangaɗa guɗarta, ta koma gida ta yi fushi da tukwane.

Nawaf, ɗan ƙanwarta mai shagon gyaran waya a unguwar Rusaifa, mutum ne mai kyakkyawar zuciya, sai dai tunaninsa ba ya nisa. Wata la'asar ya faɗo mata ɗaki yana washe baki, yana kiran ta Hala, wato inna da Larabci.

"Mabruk, ya Hala! An yi miki takwara."

Ta miƙe zumbur don murna. "Wa ya haihu ban sani ba?"

Ya miƙa mata waya. Ta gyara tabarau, ta ga wata halitta mai kunnuwa kamar faifai, an lulluɓa mata bargo, tana zuƙar madara a kwalba. Nawaf ya shiga bayani da Hausarsa mai rabin Larabci. Wai wata ƙungiya ce a Kenya mai ceton namun daji, mafarauta sun kashe uwar saboda haure, an tsinci 'yar tana zagaya gawar. Wanda ya fara ɗaukar nauyin renonta shi ke raɗa mata suna. "Yatima ce, miskina. Sai na ce halas, Maimuna."

"Giwa?" in ji Hajiya. "A garin nan? Kai ba ka yi makaranta ba ne? Mutanen da suka taɓa nufo Makka da giwa ba ka ji yadda suka ƙare ba?"

Da ƙyar ya kauce wa silifas ɗinta. Amma kafin ya gudu ya tura mata bidiyon.

Da niyyar tsine masa ta buɗe. Sai ta ga 'yar giwar ta ƙi kwanciya har sai mai kula da ita ya kishingiɗa gefenta, sannan ta naɗe hannunsa da hancinta ta yi shiru. Hajiya ta sake kallo. A karo na gaba ta fara faɗa. "Dubi yadda ya riƙe kwalbar, salon ta ƙware! Waye ya ba ƙato renon marainiya?" Kafin magariba ta kira Nawaf ta ce ya tambaye su ko an gasa mata cibiya.

Daga nan abu ya girmama. A wurin Hajiya, suna ba ya zama suna sai an yi yanka. Ta sami Malam Dawuda, mai raɗa wa 'ya'yan unguwa suna, ta karanta masa buƙatarta. Malam ya shafa gemu ya ce ya karanci babin aƙiƙa tun daga farko har ƙarshe, bai gamu da giwa ba. Ta ce to bai iso shafin ba ne. Ta sa aka yanka rago da sunan sadaka, aka dafa shinkafar kabsa, aka soya masa, mata suka cika gidan har matattakala. Waya na yawo hannu zuwa hannu, ana ta "Tubarkalla, Hajiya, har idon naki ne!" ana faɗuwa da dariya. Ita ma ta yi dariyar har da hawaye, domin ranar ce ta farko da aka yi taron suna ita ce uwar biki.

Ta hana kowa kiran sunan gatsau, ta ce Ummi za a riƙa cewa kamar yadda ake sakaya sunan manya. Ina! Unguwa ta riga ta sami abin tauna. Duk yarinyar da ta ɗan yi kumatu sai a ce mata Maimuna Giwa. Har mai sayar da burodi, ɗan ƙasar Yaman, ya iya faɗa.

Ana cikin haka Abir, ƙanwar Nawaf, ta haifi mace. Hajiya ta tare a gidan da tukunyar ruwan zafinta. Ana gobe suna, tana cikin tankaɗen garin gero, mijin Abir, Hashimu, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar madafa yana sosa ƙeya.

"Hala, wallahi tun cikin nan yana ƙarami muka yi niyya, in mace ce sunanki za mu sa. Mun ɓoye ne don ki ji kwatsam." Ya sunkuyar da kai. "Amma yanzu, ya'ani, kin ga yadda unguwa take. In ta shiga madrasa, giwa za su riƙa ce mata har ta yi aure. Ki yafe mana. Sa'adiya za a sa."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Abin da ta shekara da shekaru tana roƙo ashe ya zo har bakin ƙofa, ita da kanta ta yanka rago ta kore shi. Ba Nawaf ba ne, ba kuma giwar ba. Don baƙin ciki har ta rasa wanda za ta zaga, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

"Sa'adiya suna ne mai kyau," ta ce. "Tashi ka ba ni wuri, gari zai shiga maka ido."

Washegari ba wanda ya kai ta guɗa. Da aka watse ta hango Nawaf yana raɓe-raɓe zai sulale, ta yafito shi. Ya matso yana kare kai da hannu.

"Giwa shekara nawa take yi a duniya?"

"Sittin, ya Hala. Wasu har saba'in."

Ta gyaɗa kai.

"To ka gaya wa mutanen nan su riƙa ba ta abinci tana ƙoshi. Ita kaɗai gare ni."