Sunan da Ya Riga Bot Zuwa Amurka

Ni ce na shirya komai, kada kowa ya ɗora wa Edna laifi. Sunana Lizzy, nas ce ni a wani asibiti kusa da Clinton, jihar Maryland. Shekara ashirin da huɗu ina ba marasa lafiya magani a kan lokaci, kuma a cocinmu in ana neman mai dabara ni ake nunawa da baki. To, dabarar tawa ce ta kai mu inda muke yau.

Yayana Dalyop ya rasu a Bukuru ya bar matarsa Edna da yara maza biyu. Babban shi ne Choji, gajere mai ƙirar ƙarfi, yana da shekara goma sha shida. Ƙaramin kuma Bot, shekara goma sha uku, mai ciwon sikila, wanda rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na ce zan ɗauki ɗaya in riƙe a nan. Lauya ya ce hanyar da zan bi ba ta karɓar yaron da ya cika sha shida. Choji ya wuce da wata huɗu kacal. Saboda haka sunan Bot na rubuta.

Da na je gida don a yi hoto da fasfo, na tarar da Bot a kwance ana ƙara masa jini. Edna ta ja ni waje ta riƙe hannuna.

"Lizzy, wannan ba zai iya sanyinku ba. In ciwon ya tashi a can, wa zai kwana a kansa? Ke kina wajen aiki."

Na san amsar. Ni nas ce, na san irin kulawar da masu sikila ke samu a nan. Da na dage, da ta yarda. Amma a lokacin idona yana kan Choji, wanda ya shigo da jarka biyu na ruwa ko haki ba ya yi. Na ce a raina, wannan ne zai yi aiki ya ɗaga gida, daga baya sai a kawo mara lafiyan.

Kuma a wajenmu rage shekara ba abin kunya ba ne. Kowa yana da shekarun haihuwa, yana da na ofis. Babanmu ma a takarda sittin yake lokacin da ya yi ritaya, alhali haƙoransa sun riga shi barin aiki da daɗewa. Na sami wani mutum a Jos da ya san hanya, aka ɗora hoton Choji a kan sunan Bot da ranar haihuwar Bot. Takardun Choji kuma aka bar wa Bot ya ci gaba da makaranta da su. A can Bukuru dai, a gida da coci, kowa Bot yake kiransa.

Tun a jirgi na fara horar da yaron. "Sunanka?" "Bot." "Shekararka nawa?" "Sha uku, Anti." Watanmu biyu da zuwa, wata 'yar garinmu, Loveth, ta gan mu a kanti ta ce, "Kai, ba Choji ba ne wannan?" Sai ya waiga yana murmushi. Na yi dariya na ce mata kama ce kawai ta 'yan gida ɗaya. Da muka shiga mota na kwaɗa masa mari. Shi ne marin farko da na ƙarshe da na yi masa, kuma daga ranar bai sake amsa sunansa ba. Na hana shi Facebook, na hana shi hira da tsofaffin abokansa. Mamarsa da ƙaninsa kaɗai yake magana da su a waya.

Ban taɓa tunanin besbol ba, ban ma san shi ba. A ganina wasa ne da mutum ɗaya ke jifa, ɗaya yana duka da sanda, sauran suna tsaye suna tauna cingam. Amma yaron da ya girma yana kakkaɓo mangwaro da dutse yana korar tsuntsaye a gonar acca, hannunsa ya san jifa. Malamin wasanninsu, Raymond, ya gan shi yana jifan gwangwani a bayan makaranta, ranar nan ya biyo shi har gida.

"Madam," in ji shi, "shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan sha uku mai hannu irin wannan ba."

Na ce masa, "Haka muke a gidanmu."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa gani ba, kuma ranar ma bai gani ba. A wannan wasa shekaru su ne komai. Ɗan sha uku mai irin wannan jifa abin mamaki ne, ɗan sha shida kuwa yaro ne mai kyau kawai, irinsa dubu ne. Shekara ukun da na sace su suka riƙa tura shi gaba. Da ya gama sakandare, a takarda yana sha takwas, wata ƙungiya ta ɗauke shi ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta. Ya sa hannu a kan ranar haihuwar Bot da hannunsa, ina tsaye a bayansa da gwaggwarona ana ɗaukar hoto.

Bot kuwa, lokacin da na tashi cika alkawarin kawo shi, sai na ga babu hanya. Sunansa ya riga shi zuwa Amurka, yana can yana jifan ƙwallo. Sunan da ya rage masa na babban mutum ne da ba ɗana ba. Na riƙa aika magani, ina gaya wa kaina ai duk ɗaya ne. Shi kuma bai taɓa ƙorafi ba. Yakan ce wa wansa a waya, "Ka riƙe mini sunana da kyau fa, kada ka ɓata shi." Su yi ta dariya.

Shekara huɗu Choji yana yawo a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan. Wata ranar Litinin a watan Yuni ya kira ni ina wajen aiki.

"Anti, sun kira ni. Big team, babbar ƙungiya. Asabar za mu yi wasa a Washington, an ce in shirya."

Na durƙusa a ɗakin magani na gode wa Yesu. Washegari Talata da rana Edna ta kira. Tun kafin ta yi magana na gane.

"Lizzy, Bot ya tafi."

Na yi kuka, kada a ce ban yi ba. Amma ina kukan, kaina yana aiki, wannan shi ne halina da ba na so. Kun san yadda muke biso a Filato. Za a buga ɗan littafin sujada da hoton mamaci, da sunansa, da ranar haihuwa da ta mutuwa. Za a buga riguna, a rataya babban hoto a ƙofar coci, matasa su watsa a Facebook. Bot Dalyop, an haife shi rana kaza. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, uwa ɗaya da yaron da 'yan jarida za su fara bincika labarinsa ranar Asabar.

"Maman Choji," na ce, "me za ku rubuta a program?"

"Me za mu rubuta kuwa? Sunansa."

"Ki sa Choji. Ai shi ne a takardunsa duka, har katin asibiti."



"Lizzy, yana da rai kin karɓi sunansa ban ce komai ba. Yanzu ma ba za ki ba shi aronsa na kwana ɗaya ba, a binne shi da shi?"

"In aka gano, za su kori Choji daga wasan, su karɓe takardunsa, ni ma a kama ni. Kina so ki rasa biyu? Kuma kada a gaya masa sai bayan Asabar. Ni zan zaunar da shi in gaya masa yadda ya kamata."

"To," ta ce. Ta kashe wayar.

Ranar Alhamis Choji ya kira ni ya ce ya aika wa Bot saƙo bai amsa ba, Mama ma ba ta ɗauka. Na ce Bot yana asibiti kamar kullum, kuma ka san network ɗin Bukuru. Ya ce, "Zai yi fushi in bai kalla ba." Na ce zai kalla daga baya.

Ranar Asabar, ranar da ake binne Bot, na ɗaura zanen zumuntar matan coci na shiga Metro tare da Raymond, wanda ya tsufa yana dogara sanda. Ina cikin jirgin na duba agogo. Jos ta riga mu da awa biyar, wato an riga an sauke akwatin, an rufe. A filin wasa mutane sun fi dubu talatin. Muka zauna har wasan ya yi nisa, sannan aka buɗe wata ƙofa a can ƙarshen fili, Choji ya fito da gudu. Babban allo ya nuna fuskarsa da sunan, da shekara ashirin da biyu. Mutum uku ya fuskanta, ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda sandarsa ta taɓa ƙwallon kirki. Sunan gajere ne mai daɗin kira, sai jama'a suka ɗauka: "Bot! Bot! Bot!" Raymond yana hawaye yana bubbuga sandarsa a ƙasa. Ni ma na kira sunan tare da su, har muryata ta dushe.

Da yamma muka jira shi a ƙofar da 'yan wasa ke fita. Ya fito da jaka a kafaɗa da waya a hannu, yana tafiya kamar wanda aka ce kada ya zubar da ruwa. Bai gai da Raymond ba. Ya miƙo mini wayar.

Joel ne ya aiko, wani abokinsa na firamare da ya nemo lambarsa don ya yi masa ta'aziyya. Hoton ƙofar coci ne. Ga fuskar Bot yana murmushi da ramammen wuyansa, a ƙasa an rubuta Choji Dalyop, da ranar haihuwar Choji, da ranar Talata. Hoto na biyu kabari ne da ɗanyen siminti, an rubuta sunan da ƙusa.

"Anti," ya ce da Hausa, a hankali, "wa aka binne?"

Duk dabarata ta gudu. Na fara cewa saboda shi na yi, ya ɗaga hannu ya dakatar da ni.

Ranar Litinin da safe ya shiga ofishin ƙungiyar da ƙafarsa ya faɗi komai. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya yi zargi. An dakatar da shi, daga baya aka sallame shi. Jaridu suka yi kwana uku suna maganar ɗan wasan da ya rage shekara uku, ana ta lissafin ko jifansa ya cancanci ɗan ashirin da biyar. Babu wanda ya rubuta layi ɗaya a kan Bot. Raymond bai zage ni ba, ya dai daina ɗaukar wayata, kuma hakan ya fi mini zafi.

Yanzu wata bakwai ke nan. Maganar takardunsa da tawa tana hannun wani lauya mai suna Gregory, wanda ba ya yi mana alkawarin komai. Ba mai iya tafiya gida a cikinmu, shi bai ga kabarin ƙaninsa ba, ni ban ga idon Edna ba. Ta sa magini ya shafe simintin ya rubuta Bot, ta aika wa ɗanta hoton. Ni ba ta aiko mini ba. Choji yana zaune a gidana don ba shi da wani wurin, yana zuwa garin Annandale ranar Asabar yana koya wa yara jifa. Yana gaishe ni safe da yamma, da ladabi, kamar mai haya.

Lahadin da ta wuce na dawo daga coci na dafa gwate da yakuwa, yadda yake so tun yana yaro. Na zuba a kwano, na leƙa falo. Shekara tara ina horar da harshena, har da marin yaro a mota, harshen kuma ya koya da kyau.

"Bot, zo ka ci abinci."

Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Bot ya rasu, Anti. Ke kika hana a faɗa."

Ya taso ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ce na gode. Na tsaya a ƙofar kicin ina so in kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, na buɗe baki, kunya ta hana ni. Ya zauna ya ci abincinsa shi kaɗai.