Layin Mairama

Ranar da aka liƙa rajistar masu zaɓe a bangon firamaren Tungar Gawo, Malam Albashir Maidawa ne ya fara isowa, kamar yadda ya saba tun zaɓen saba'in da tara. Tungar tana can bayan Lafagu, dab da iyakar Benin, inda in akuyarka ta yi nisan kiwo sai ka shiga wata ƙasa nemanta. Jama'a duk suna fadama wajen yankan shinkafa. Shi kuwa Maidawa ya bar wa ɗan ƙanensa gonar, kuma babu mai jiransa a gida.

Shekara arba'in da uku yana wakiltar jam'iyya a wannan akwati. Tambaye shi wanda ya ci kujerar majalisar wakilai a kowace shekara, zai faɗa maka har da wanda ya sha kaye da irin rantsuwar da ya yi. Ya ga akwatin ƙarfe, ya ga zaɓen layi, ya ga na'urar nan mai ƙyamar yatsan manomi. Jam'iyyarsa ta sake suna ya fi sau huɗu, bai damu ba. Shi dai ya duba inda Attahiru, abokin hamayyarsa tun ƙuruciya, ya tsaya, sai ya tsaya ɗaya ɓangaren. Abu ɗaya ne kowa ya san shi da shi: ba ya yarda a dangwala wa mamaci ƙuri'a. "Mamaci ba shi zaɓe," in ji shi, kuma a kan wannan magana ya rasa haƙori ɗaya a tamanin da uku.

Ya gyara tabarau yana bin hotunan da yatsa. A takarda ta tara ya ga kansa, da hula a karkace. Kusa da shi kuwa, kafaɗa da kafaɗa, ga Mairama.

Ya zauna a dakalin aji.

Mairama matarsa ce, 'yar masunta daga wancan ƙetaren, ya auro ta tana magana da Dandanci fiye da Hausa. Ambaliyar dubu biyu da ashirin ta rushe musu ɗaki, ta tafi da akwatin kayanta, har da katin zaɓenta. Mairama ta haye wurin danginta kafin a gyara ɗakin, zazzaɓi ya kama ta can, kafin labari ya iso an riga an rufe ta. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don cewa take yi mai hoto ɓarawon fuska ne. Ɗiyarsu Safina tana aure a Argungu. Shekara biyu ke nan Maidawa yana ƙoƙarin tuno fuskar matarsa, kullum sai ta ɗan ƙara dushewa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Yau ga ta, ta ɗaure fuska tana hararar na'ura. Ba su taɓa ɗaukar hoto tare ba, sai da jerin haruffa ya zaunar da su wuri ɗaya.

"Baba, lafiya?"

Ma'aikaciyar zaɓe ce, wata budurwa mai suna Surayya, da aka turo daga Bagudo ta zauna kwana bakwai tana karɓar gyara da ƙorafi.

"Lahiya lau, ɗiyata. Rana ta."

"An ce mini kai ne Baba Maidawa, kai ka san kowa. Don Allah ka nuna mini waɗanda suka rasu, mu cike takarda a cire su."

Shekara arba'in yana jiran wani ya roƙe shi wannan. Ya miƙe ya shiga nunawa: wannan kwale-kwale ya kife da shi, wannan wurin haihuwa ta tafi, wannan tsufa ne. Mutum goma sha ɗaya ya lissafa, har da shekara da wata. Da suka zo takarda ta tara, ya wuce kamar bai iya karatu ba.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan wanda nit tuna."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce.

Kashegari ya dawo da tabarmarsa. Ya riƙa zuwa da hantsi, ya zauna daidai takarda ta tara har azahar. In Surayya ta tafi cin abinci, sai ya ba hoton labari: an gyara ɗakin, amma ƙofar ta karkace, kazar nan mai wake-wake ta mutu. Ba ya jin kunya, don babu mai ji.

Rana ta huɗu Attahiru ya zo yana dogara sanda. Ya dubi bangon, ya dubi Maidawa, ya zauna a bakin tabarmar ba tare da an yi masa tayi ba.

"Ka tuna zaɓen layi?" in ji shi.

Wa zai manta? A shekarar casa'in da biyu ba a jefa ƙuri'a, layi ake yi bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna. Mairama ta fito da sabon zane, Attahiru ya daka tsalle ya ce ba 'yar ƙasa ba ce, 'yar wancan ƙetare ce, ba za a ƙirga ta ba. Maidawa ya tuɓe riga. Aka kira mai gari, aka kira liman, aka tono cewa kakanta a wannan gefen aka binne cibiyarsa, tun kafin Turawa su ja layinsu a tsakiyar dangi. Sai da rana ta take aka ce ta shiga. Ita kuwa ta gyara ɗaurin zane, ta wuce layin mijinta, ta je ta tsaya a layin Attahiru, gari duka yana kallo.

"Ni da nicce a kore ta, ni tat tsaya ma," in ji Attahiru, yana dariya har da tari. "Mi tac ce maka da kunka koma gida?"

"Cewa ta yi, 'Malam, ka yi hwaɗa don in yi zaɓe, ba don in zaɓi naka ba.'"

Haka kuwa ta zauna. Ko da aka koma zaɓen sirri, in ta fito daga rumfa sai ta ɗaga masa babban yatsa mai tawada, ta ce, "Na kashe taka, Malam." Zaɓe shida tana kashe masa ƙuri'a, tana dawowa ta tuƙa masa tuwo.

Attahiru ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ce, "Bar ta nan, Maidawa. Ni ban gani ba. Mutanena ma ba su gani ba."

Ran Maidawa ya yi sanyi. Ya tafi gida ran nan yana jin kamar an ƙara masa shekara huɗu da matarsa.

Rana ta shida sai ga babur ya tsaya. Bunyaminu ne, shugaban jam'iyyarsu Maidawa na mazaɓar, mutum mai wayoyi biyu da baki ɗaya da ba ya rufuwa. Ya ja Maidawa bayan aji.

"Baba, mi na na wanga? An ce goma sha ɗaya ka cire muna!"

"Sun mutu."

"To, sun mutu, Allah shi jiƙan su. Amma suna ai ba shi cin tuwo. Yawan rajista shi na ƙarhinmu. In na'ura ta yi gardama ranar, ka san yadda aka yi." Ya leƙa bangon, ya yi murmushi. "Amma na ga ka bar muna Inna Mairama. Ka kyauta. Bana dai ta shigo gida, tamu ta."

Ya hau baburinsa ya tafi, yana ganin ya faɗi abin daɗi. Na'urar za ta yi gardama ko ba za ta yi ba, Allah masani. Bunyaminu dai ya riga ya sa ta a lissafinsa.

Maidawa ya koma gaban takarda ta tara ya tsaya. Mairama tana nan tana harara. Ya daɗe a tsaye, har inuwar bangon ta bar ƙafafunsa. Sannan ya aika aka kira Attahiru, ya je teburin Surayya.

"Ɗiyata, na yi mantuwa. Akwai guda."

"Wace ce, Baba?"

"Mairama Maidawa. Takarda ta tara."

Surayya ta duba, ta ga hotunan biyu, ta ga sunan. Biron ya tsaya a hannunta.

"Baba... matarka ce?"

"Ita ta. Ga Attahiru nan shaida." Ya nuna hoton da yatsa. "Shekara talatin ba ta tsaya layina ba tana da rai. Ba a tsai da ita tana kabari."

Attahiru ya dangwala yatsa. Surayya ta cike takardar, ta tashi za ta ja layi a kan sunan kamar yadda ta yi wa sauran. Maidawa ya riƙe gefen teburin.

"Ja bisa lambar. Kak ki taɓa huskar."

Ta ja a kan lambar. Rana ta bakwai da yamma, da za ta tafi, ta ɗauki hoton takardar da wayarta, ta ce za ta wanko masa a Bagudo. Ta kuwa cika alkawari, wani ɗan acaɓa ya kawo masa. Ya fito dishi-dishi, amma hararar tana nan. Ya sa shi a aljihun gaba.

Ranar zaɓe ya iso da sassafe. An liƙa sabuwar rajista. Ya je takarda ta tara, ya sami kansa da hularsa a karkace. Kusa da shi wani saurayi ne da bai sani ba, yana washe baki. Ko gurbi ba a bari ba.

Ya shiga rumfa ya dangwala wa jam'iyyarsa, kamar kullum. Ya fito yana goge yatsa a gefen riga, ya ɗan tsaya a bakin ƙofar makarantar, inda ya saba tsayawa. Mata suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kama hanyar gidanta.

Bana ƙuri'arsa ta shiga lafiya, babu wanda ya kashe ta. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida, bai jira ƙirge ba.