Ƙullin Don Arcesio

"Ku jawo buhun a hankali, kada ya fashe a cikin ruwan!" Kansila Ofelia Betancur ta faɗa ta lasifikar da ke hannunta.

Tun safe mutanen ƙauyen suke gayyar kwashe shara daga kwazazzabon da ke saman idon ruwansu. Gwamnati ta rage tallafin tashar tara shara, inda manyan motoci ke zuwa su kwashe zuwa birni, majalisa ta ninka kuɗin zubarwa, Ofelia kuwa ita ta fara ɗaga hannun amincewa. Daga nan mutane suka mayar da kwazazzabon juji. Ofelia ba ta da wasa. Ta rantse duk wanda aka gane shararsa sai ta kira sunansa kowa ya ji. Ta kuwa cika, don ranar Lahadin da ta wuce, a ƙofar coci, ta kira Doña Herminda mai sayar da wainar masara, a kan buhu ɗaya tak. Tsohuwar ta wuce gida fuskarta a rufe da gyale. Yau ga ta nan cikin gayyar, tana tsintar robobi.

"Kansila, ga wani mai hali nan!" Gildardo, wanda ya tsaya wa ɗanta a matsayin uba ranar baftisma, ya ƙwalo kira daga ƙasa yana dariya. "Wannan gidansa kacokan ya kwaso. Har da katifa!"

Ofelia ta gangara. Katifa ce a naɗe da buhunan kofi cike da shara a jere, an ɗaure su tsaf kamar za a kai kasuwa. Gildardo ya duƙa zai ɗauka, sai dariyarsa ta ɗauke.

Ƙullin ta gani. Irin na masu fatauci da alfadarai ne, wanda ake ja da hannu ɗaya ya warware, amma ko dabba ta faɗi rami ba zai sake ba. A duk yankin mutum ɗaya ne ya rage mai yin sa, kuma shi ya koya mata ɗaure takalmi. Katifar ma ta gane ta, mai furanni shuɗaye. A kanta mahaifiyarta ta yi jinya har ta cika.

Gildardo bai dube ta ba. Ya zaro adda, ya bi ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, yana cusa guntayen a aljihu. Mazan da ke wurin kowa ya sami abin kallo a wani gefe. Wani ma har ya soma zancen damina.

"'Yan birni ne," in ji Gildardo. "Masu zuwa hutun nan. Ba su da tarbiyya."

"Ƙwarai kuwa," wani ya amsa da sauri.

Kunya ta rufe Ofelia har kunnuwanta suka yi zafi. Amma ta yi shiru, kuma shirun ya yi mata daɗi, abin da ya fi ba ta kunya ke nan.

Ana cikin haka sai ga ƙarar kofato. Don Arcesio ne, mahaifinta, yana janye da tsohuwar alfadararsa, ya zo gayya kamar kowa. Ya leƙa, ya ga kayan, ya ga igiya a daddatse.

"Kai! Wane marar kan gado ne ya yanka mini igiya? Ja ake yi, ba yanka ba! Gildardo, kai ne ko? Da ganin aikin nan na san hannunka ne."

"Don Arcesio, ai ba taka ba ce..."

"Ba tawa ba? Ta uban wa ce? Ni na murza ta!"

Ofelia ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba," Ofelia ta ce. "Me ya sa?"

Tsohon ya cire malafarsa yana juya ta a hannu. "Na kai su tasha, 'yata. Yaron da ke bakin ƙofa ya auna, ya faɗi kuɗin. Na ce wane azzalumi ne ya sa wannan? Ya ce, ai 'yarka ce, Don. Ga mutane a layi suna ji. In ce ba ni da shi, a ce uban kansila ya kasa biya? In zo wurinki, kina ta fama da majalisa? Na juya da dabbata. Na dai ɗaure su da kyau don kada su watse cikin ruwa, da niyyar in kwashe in na sayar da kofina." Ya mayar da malafar. "Kira sunan. Kin rantse."

Duk idanu suka koma kan Doña Herminda. Ita kaɗai ke da bakin magana a nan, kowa ya sani.

Ofelia ta ɗaga lasifikar. Na'urar ta yi wani ƙugi da ya cika kwazazzabon. Ta buɗe baki ke nan tsohuwar ta taka a hankali, ta ajiye robobinta, ta karɓe lasifikar, ta laluba ta kashe, ta miƙa wa Gildardo.

"Ni na yi wa mahaifiyarki wanka a kan katifar nan," ta ce. "Kama can gefen, yarinya. Ta sha ruwa, ta yi nauyi."

Da ma zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi. Ofelia ta duƙa ta kama. Suka soma hawa, tsohuwar a gaba tana haki, ita a baya, ba ta iya ɗaga kai ta dubi ko ƙeyarta ba.